Sau Uku Lida Kratina Ta Zauna a Gidan Dutse

Duk wanda ya shigo garinmu Javor ta gabas, kafin ya kai rumbunan alkama, zai ga wani gidan dutse mai bene a hannun dama, ya ɗan ba titi baya. Ba kuskuren magini ba ne, gidan ne ya riga titin zuwa. Matej Kratina ya gina shi, 'yan shekaru bayan ya iso Kansas ta Amurka daga Bohemiya ta ƙasar Turai, shi da matarsa Rozalie da akwati ɗaya a kan keken shanu. Kafin nan a rami suka zauna, wanda ya haƙa a jikin tudu ya rufe da ciyawa, kuma a cikin ramin nan 'ya'yansu biyu na fari suka mutu a hunturu guda. Da ƙanƙara ta narke, Matej ya rantse matarsa ba za ta ƙara haihuwa a ƙarƙashin ƙasa ba. Itacen gini babu shi a wannan fili, sai ciyawa iyakar ganinka, amma akwai farin dutse kwance a ƙarƙashin gonarsa. Shi ya dinga fasawa yana jawowa da shanu, har ya tayar da ɗakuna huɗu da bene. Garin ne ya zo ya same shi daga baya. A falon gidan aka fara ibadar Lahadi tun ba a gina coci ba.

A ɗakin bene na gabas aka haifi jikarsa Ludmila, a 1908. Lida kowa ke ce mata. Ta tashi tana ganin gidan nan kamar wani ɗan'uwanta. Ta san matakalar da ke ƙara idan an taka, ta san tagar da rana ke fara shigowa, kuma da zafi ya yi tsanani sai ta manna kumatunta a bango, don dutsen nan sanyi gare shi ko da tsakar rana.

Ubanta Alois shi ne babban ɗan Matej, shi ke noma gonar, shi ke gyara rufi, shi ke aske wa tsohon gemu da hannunsa ya fara rawa. Abu ɗaya ya raba su. Alois yana cikin mutanenmu da suka ce sun gama da coci, suka gina zaurensu daban suna taruwa. Tsohon ya daɗe yana haɗiyewa. Ran wata Lahadi ana cin gasasshiyar agwagwa da kabeji, ya dubi Lida, lokacin tana da shekara tara, ya ce, "Alois, Fada ya ce yarinyar nan ta isa shiga ajin coci."

Alois bai ko ɗago kai daga kwano ba. Ya ce, "Fada ya haifi tasa ya sa ta."

Uwar Lida ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita. Tsohon ya ajiye cokali a hankali.

"A ƙarƙashin rufin nan aka fara kiran sunan Allah a garin nan," in ji shi. "Gonar taka ce, ka yi mata wahala. Gidan kuwa ba zan bar wa mai irin bakinka ba. Na Bohumil ne."

Bohumil ƙanen Alois ne, yana tsaron kanti a birnin Omaha, sau ɗaya yake zuwa a shekara da takalmi mai ƙyalli, kuma idan ya zo shi ne a sahun gaba a coci. Kowa ya ɗauka fushin tsufa ne, zai wuce. Bai wuce ba. Alois bai ba da haƙuri ba, tsohon bai janye ba, sai dai kullum da safe ɗan yana aske uban, ba mai ce wa wani uffan. Bayan shekara biyu Matej ya rasu.

Bohumil ya zo jana'iza, ya kwana uku, ya ja yayansa gefe. "Yaya, ka san ni ba zan iya zaman ƙauye ba. Akwai wani likita da ke neman gida a nan, ya yi tayi mai kyau. In kana so kai ma ka taya."

"In sayi ɗakin da aka haife ni a hannunka?" in ji Alois. "Sayar. Allah ya sa ka ƙara takalmi."

Ranar tashi an gama loda kaya a keken doki, aka nemi Lida aka rasa. Uwarta ta same ta a bene ta rungume ginshiƙin matakala da hannu biyu. Sabon mai gida, Likita Pruitt, yana tsaye a ƙasa da hula a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Uwar ta ce a hankali, "Sauko, Lida. Kada ki ba mu kunya gaban baƙo." Ta sauko. Suka koma wani gidan katako mai ɗaki biyu a bakin layin dogo. Daga ranar har ya mutu Alois bai ƙara bin titin gidan dutse ba, gara ya zagaya ta bayan rumbuna ko da ana ruwa.

Lida tana da shekara goma sha bakwai aka ji matar likita, Uwargida Cordelia, tana da ciki kuma tana neman 'yar aiki. Lida ta je ta karɓi aikin kafin ta gaya wa kowa.

Ubanta ya ce, "Ki je ki wanke tukwanen wasu a kicin ɗin kakarki?"

"Baba, tukunya ai tukunya ce, ko ta wa."

"Ƙarya kike yi. Gidan kike so." Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Je ki. Amma zai cinye ki."

Ta ƙofar baya take shiga yanzu, a wani ɗan ɗaki kusa da kicin take kwana. Uwargida Cordelia ba muguwa ba ce, 'yar birni ce mai yawan ciwon kai, wadda ba ta taɓa iya faɗin sunan Lida daidai ba. Ta liƙa wa bangon falo takarda mai furanni ta rufe dutsen, wai yana sa ta ji kamar tana kurkuku. Da ta haihu, a ɗakin gabas aka sa gadon jaririn, aka raɗa masa Wendell. Uwar tana kwance da tsumma a goshi, Lida ce ke goyo, ita ke wanka, ita ke zama a kansa idan ya yi zazzaɓi. Yaron ya fara magana da yaren mutanenmu kafin Turanci, har likita ya ce shi dai ya haifi ɗa ya rasa mai yi masa tafinta. Teta yake kiranta, wato goggo. Idan tana gasa kolaci, burodin nan namu mai zaƙi a tsakiya, sai ya laɓe ƙarƙashin tebur yana miƙo hannu.

Akwai kuma Emil Dlabal, bakanike mai gyaran motocin noma, dogo mai manyan kunnuwa. Shi ke fara tayar da ita rawa duk Asabar a zaure, kuma kowace Lahadi da yamma yana zaune a kan dakalin ƙofar baya yana ɓare mata wake. Garin duk ya gama ɗaura musu aure a baki. Shekaru suka yi ta tafiya, ita kuwa kullum da abin da za a jira.

Da yaƙin duniya na biyu ya taso, Emil ya zo wata Lahadi da rigar da ba ta da ɗigon baƙin mai ko ɗaya.

"Lida, na samu aiki a Wichita, inda ake ƙera jiragen sama. Har ɗaki na kama, da famfo a ciki. Zo mu tafi."

Ta yi dariya. "Kai da waɗannan kunnuwan me za ka yi da jirgi? Iska kawai za ka jira."

"Bar wasan nan. Na gaji da zaman dakali kamar karen gida."

"Bari Wendell ya gama makaranta."

"In ya gama ki ce bari likita ya ajiye aiki. In ya ajiye ki ce bari a gyara rufi. Gidan nan ba naki ba ne, Lida. Ko cokali ɗaya a ciki ba naki ba ne."

Ta miƙe, waken da ke cinyarta ya zube. "To tafi mana! Wa ya riƙe ka?"

Ya tafi. Sau biyu yana dawowa yana sake tambaya, sau biyu tana ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan. Tana sonsa, wannan ba wanda ya yi shakka, ita ma ta sani. Amma duk lokacin da ta kwatanta kanta a wani ɗaki a birni, wata daban tana goge matakalar nan, sai ta ji ba za ta iya tafiya ba. A kanti ta ji labarin aurensa, daga bakin wasu mata biyu da ba su lura tana bayansu ba. Ta biya kuɗin sukarinta, ta koma gida, ta durƙusa ta wanke daɓen kicin wanda ta riga ta wanke da safe. Ba a ƙara ganinta a wurin rawa ba.

Wendell ya gama makaranta ya tafi soja, daga can ya wuce Denver ya yi aure. Likita ya rasu a 1951. Uwargida Cordelia ta ce ba abin da zai zaunar da ita a garin da iska ba ta hutawa, ta sayar da gidan ta koma wurin ƙanwarta. Da za ta shiga mota ta riƙe hannun Lida tana hawaye, ta gode mata, ta kira ta da sunan da ba nata ba kamar kullum. Lida ta sake fita daga gidan da akwati ɗaya, tana da shekara arba'in da uku, iyayenta duk sun mutu.

Wanda ya saya, Orval Stroud, dillalin hatsi ne. Ya yayyanka ɗakunan da katako ya zuba 'yan haya, masu zuwa aikin girbi su tafi. Ya sare itatuwan tuffa na tsakar gida don manyan motoci su samu wurin tsayawa. Lida ta samu aikin girki a makarantar gari, ta kama ɗaki a bayan gidan wata gwauruwa. Ita ba ta yi irin ta ubanta ba. Kullum ta gaban gidan take wucewa, safe da yamma, tana ganin taga ta fashe an cusa tsumma, ƙofar gaba ta karkace an tokare da bulo. Wata rana ta kasa daurewa, ta tare Stroud a bakin rumbu.

"Mista Stroud, indararon arewa ya toshe. Ruwa yana cin bango."

Ya cire sigari daga baki. "Ke ce mai gidan?"

"A'a."

"To."

Ya mayar da sigarinsa. Ta wuce. Shekara ashirin da wani abu tana ciyar da yaran garin nan, da yawanmu mun ci daga ludayinta, mun san ta da faɗa a kan mai barin abinci da kuma ƙara wa wanda ta ga bai karya ba. Ba mu san komai game da ita da gidan ba, mu dai mun san kango ne da tattabaru suka gaje bayan 'yan haya sun daina zuwa.

Ta riga ta ajiye aiki, gashinta ya yi fari fat, ranar da aka ƙwanƙwasa mata ƙofa ta buɗe ta ga wani mutum mai tumbi da sanƙo yana murmushi.

"Teta, ɗauko rigar sanyinki."

Ta ƙura masa ido. "Wendell? Ina gashinka ya tafi?"

"Matata ta tafi da shi, da ita da motar. Zo mu je, akwai abin da zan nuna miki."

Aurensa ya mutu, 'yarsa ta girma, ya gaji da birni. Ya nemi magadan Stroud ya sayi gidan, su kuwa har godiya suka yi masa. Da suka isa, Lida ta nufi ƙofar baya, ƙafarta ce ta kai ta ba da saninta ba. Ya kamo hannun rigarta. "Ina za ki? Ta nan." Ya sa mata makulli a hannu, ya tsaya har ta buɗe ƙofar gaba da kanta. Warin kashin tattabaru ya buge su. Ta tsaya a tsakiyar falo, rufi yana yoyo, takardar bango ta zazzago tana lilo, ta dafa dutsen da ya bayyana a ƙarƙashi ta yi kukan da ba ta yi ba tun tana yarinya.

Shekara biyu suna gyara. Shi yana fasa katakan Stroud, ita tana bin bayansa da tsintsiya tana ce masa bai iya riƙe guduma ba. Ya ba ta ɗakin gabas. Ta ce ai nasa ne, a nan ya girma. Ya ce ta riga shi, ta daina gardama. Suka dasa sababbin tuffa. Kowace Asabar ƙanshin kolaci har titi, kuma duk wanda ya wuce sai an kira shi ya ci. Waɗanda suka san ta a makaranta da ɗaure fuska sun yi mamakin jin dariyarta daga nesa.

"Muddin kina numfashi nan ne gidanki," haka yake ce mata. Wani maƙwabci ya taɓa ba shi shawara ya je wurin lauya a tabbatar da maganar. Wendell ya yi dariya har da buga cinya. "Ta ba ni shekara goma sha takwas fa. Ni zan binne ki, Teta, kada ki damu, da furanni da komai."

"Ka dai rage taba da naman alade," in ji ta, "in ba haka ba ko gawata ba za ka iya ɗauka ba."

A hunturun 1982 aka kwana ana zuba ƙanƙara. Da safe ya ɗauki shebur ya fita share hanyar ƙofar gaba. Tana tagar bene tana gyara gado, ta ga ya tsaya ya dogara da shebur kamar mai tunani, sannan ya durƙusa, sannan ya kwanta a gefe. Ta sauko matakalar nan da gudun da ba ta san tana da shi ba, ba takalmi. Ta ɗora kansa a cinyarta tana kiransa da yaren da ta yi masa magana yana jariri. Kafin maƙwabta su iso ya cika.

'Yarsa Joanne ta zo daga Denver. Yarinya ce mai kirki, da 'ya'ya uku da miji marar aiki, ga gida mai cin itace da gyara a garin da ba ta da kowa. Wani kwamitin masu son tarihi na gunduma ya nuna yana so. Bayan jana'iza da kwanaki ta sami Lida a kicin, ta zauna tana murza yatsu.

"Teta Lida, wallahi ban san ta inda zan fara ba."

Lida ta tura mata kofin shayi. "Kada ki wahalar da bakinki, 'yata. Na taɓa jin maganar nan sau biyu. Yaushe suke so in fita?"

Joanne ta kifa kai a tebur tana kuka, Lida ce ta koma lallashinta. Ita Joanne ɗin ce ta nema mata wuri a gidan kula da tsofaffi na babban garin gunduma, ta kai ta da motarta, ta jera mata kaya. Aka haɗa ta ɗaki da wata Oleta Fenwick, tsohuwar mai gyaran gashi wadda bakinta ba ya rufuwa. Lida ba ta yi ƙorafi ba. Tana cin abin da aka ba ta, tana cewa miyar ba gishiri, tana zama a bakin taga. Abin da ma'aikatan suka lura shi ne ba ta taɓa ambaton gidan ba. Wendell take ambato, wani lokaci Emil.

Kwamitin ya gyara gidan ya mai da shi gidan tarihi, aka kafa allo a gaba: Gidan Likita Pruitt. Likitan ya karɓi haihuwar rabin gundumar, sunansa ne mutane suka sani. Wata bazara masu kula da tsofaffin suka shirya fita da su yawon buɗe ido, kuma can aka nufa. Lida ta sa rigarta mai kyau, Oleta ta gyara mata gashi. Har suka shiga Javor tana nuna wa Oleta wurare, ga makaranta, ga zaure. Da bas ta tsaya a ƙofar gidan sai ta sauke hannunta. An yi fenti, an rataya tuta, an zuba siminti a hanyar ƙofar gaba, an ajiye benci daidai inda Wendell ya faɗi. Wani mutum yana zaune a kai yana cin gyaɗa.

Tsofaffi suka fara sauka da sandunansu. Oleta ta taɓa ta. "Ke, tashi mana. Ba gidanku ba ne?"

"Ku je ku gani. An ce yana da kyau."

Direba ya ce zai riƙe ta idan ƙafa ce. Ta ce ƙafarta lafiya lau, ya dai buɗe mata taga. Nan ta zauna, jakarta a cinya, har suka gama zagayawa.

Oleta ta dawo tana haki ta faɗi a kujera. "Ba ki yi asarar komai ba. An ɗaura igiya a ƙofar kowane ɗaki, leƙe kawai ake yi. A kicin kuma sun tsayar da wata mutum-mutumi, an sa mata rigar 'yar aiki, tana riƙe da ludayi."

"Kyakkyawa ce?"

"Ta fi ki ƙugu. Amma ba su yi mata fuska ba."

Lida ta yi dariya, har kafaɗunta suna rawa. Oleta ta taya ta, sai daga baya ta lura dariyar ta daɗe da ƙarewa, kafaɗun ne ba su daina ba. Oleta ta kama hannunta ta riƙe har suka isa gidan tsofaffi.

Lida ta rasu da shigowar bazara ta gaba, tana da shekara saba'in da tara. Joanne ta turo furanni. Mu da muka je jana'izar yawancinmu waɗanda ta ciyar ne a makaranta.

Gidan tarihin bai yi dogon kwana ba. Garin ya yi ta raguwa, aka rufe makarantar, baƙi suka daina tsayawa, kwamitin ya kasa biyan kuɗin wuta. Yanzu wasu mafarauta ne daga Texas suka saye shi. Sukan zo lokacin harbin tsuntsaye su yi mako biyu da karnukansu, sauran watannin a kulle yake.